Na yi aikin hutu a sansanin masu zaman tsirara a bakin tekun Faransa

Duk ɗalibin da ke karatu a Bordo ya san da zarar Mayu ya kama aikin wucin gadi yake buɗewa a bakin teku, saboda ranakun hutun Faransawa a jere suke zuwa, mutane su haɗa da Asabar da Lahadi su loda tanti a mota su nufi yankin Medok. Ni ma haka na samu nawa, wani kanti ne cikin sansanin tantuna yana neman mai sayar da burodi na dogon hutun Fantakot, wani bikin Kiristoci. Matar da ta kira ni ba ta ɓoye min komai ba, ta ce wurin na masu zaman tsirara ne amma ma'aikatan kanti da na kicin da kayansu a jiki suke aiki, ka yi shawara ka kira ni.

Na kira yayana a Maraɗi, ya yi shiru can ya ce "ƙanena, kuɗin haya ne ya matse ka haka?" na ce "wallahi Yaya shi ne." Ya ce to ka tabbatar ba za a ce ka tuɓe ba, ba kuma kai za ka riƙa miƙa giya ba, sauran tsakaninka da idonka ne. Na sake kiran matar na tambaye ta ɗaya bayan ɗaya kafin in amsa, kuma duk wanda irin wannan aikin ya zo masa ina ba shi shawara ya yi tambayarsa tun a waya, kada ya bari sai ya sauka da jaka a hannu.

Jirgin ƙasa na shiga zuwa Lesfar, daga can mota ta ratsa da mu cikin dajin itatuwan fin, dogaye a miƙe, wanda yawancinsa dasa shi aka yi bayan wata doka ta 1857. Wannan gaɓar ce ma cibiyar abin, a Montalibe aka buɗe sansanin farko a 1950, Albert Lecocq da matarsa Christiane ne suka tsaya a kai, a can kuma aka kafa ƙungiyar masu zaman tsirara ta duniya a 1953.

Safiyar farko ita ce mai wuya, gabana sai faɗuwa yake ina jera burodi. To da yake iskar teku da sassafe akwai sanyi, rabin layin da rigar sanyi suka zo, sai rana ta ɗaga sannan ka ga abin da aka faɗa maka. Akwai wani dattijo Bajamushe da ke zuwa kullum, tawul a kafaɗa, 'yar jakar kuɗi rataye a wuya, tabon aikin zuciya ya sauko tun daga ƙirjinsa, zai gaishe ni ya ƙirga silallansa a kan tebur a hankali ya karɓi burodi biyu ya hau kekensa. Fuskarsa nake kallo, sai hannunsa in zai ba ni kuɗi, kuma haka na yi da kowa har na gama.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne su ma dokarsu kenan. Ƙura wa mutum ido babban laifi ne a wurin, ɗaukar hoton wani ba izini yana iya sa a kore ka ranar, ba mai zama kan kujera sai ya shimfiɗa tawul ɗinsa. Yawancin waɗanda na gani 'yan fansho ne, Jamusawa da mutanen Holan da Faransawa, suna karanta jarida suna wasan ƙwallayen ƙarfe da yamma. Na je da zaton gidan masha'a zan tarar, gaskiya ban ga haka ba, kuma ba zan yi musu ƙarya ba don kawai ban yarda da al'adarsu ba. Ban yarda da ita ba ɗin kuwa, ni a gidan da na taso ko wuyan riga aka bari a buɗe gaban manya sai an yi magana, kuma har yau ina ganin sutura mutunci ce. Su ma ba wanda ya taɓa ce min me ya sa kake da riga.

A ɓangaren ma'aikata nake kwana, can nake sallata. Magariba sai wajen goma saura take yi a wannan lokacin, isha kuma sai sha ɗaya ta wuce alhali burodi yana isowa da asuba, barcin dai sai a hankali. Na tafi da ɗan murhun shayina na tambaya ko zan hura gawayi, aka ce sam, ko sigari ba a wasa da ita cikin dajin nan, kowa yana tuna gobarar 2022 da ta cinye sansanoni kusa da tudun yashin Pila. Sai a kan gas na dafa, bai yi daɗin na gawayi ba.

Teku kuma in na tashi aiki nakan taka zuwa ɓangaren da ake sa kaya. Ruwan da sanyi, kuma gaɓar tana da wasu kwaruruka da ke cika su yi lumui kamar tafki, amma in ruwa ya motsa sai su ja mutum zuwa ciki, duk shekara suna cin rayuka. Tsakanin tutocin masu ceto kawai ake shiga, in ya ja ka kuma ba a kokawa da shi, ka bar shi ya kai ka ka ɗaga hannu. Ni iya gwiwa nake tsayawa.

Da hutun ya ƙare matar ta biya ni cif, ta ce ko zan dawo Yuli da Agusta, lokacin da wurin ke cika maƙil kuma kuɗin ya fi kauri. Na yi mata godiya na ce a'a. Tsare ido tun safe har dare aiki ne mai gajiyarwa fiye da ɗaukar kwandunan burodin, na iya shi na ɗan hutu amma wata biyu ya fi ƙarfina, sai na nemi wani gidan burodi a cikin gari duk da albashinsa bai kai ba.