Darussan jagorantar ayarin masu ziyara a Urushalima da Galili

Takardar tsarin tafiya da kamfani ke miƙa wa shugaban ayari kan zo cike maƙil, wurare takwas ko tara a yini guda, ciki har da Nazarat, Kana, Dutsen Tabor, Kafarnahum, jirgin ruwa a Tekun Galili, a rufe da baftisma a Kogin Urdun. A kan taswira duk mai yiwuwa ne, domin ƙasar ba ta da faɗi. Abin da takardar ba ta lissafa ba shi ne mutum arba'in da wani abu da ke cikin bas, yawancinsu dattawa da iyaye mata. Kowace tsayawa, sauka da shiga bayi da ƙirga mutane da jiran wanda ya maƙale a shagon tsaraba kan ci minti ashirin ko fiye, tun ba a buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Darasin farko da aikin nan ya koya mana shi ne a zauna da kamfanin tun a gida a datse takardar zuwa wurare biyar a rana, shida in sun yi kusa da juna. Wanda ya ƙi datsewa da hannunsa, agogo zai datse masa, kuma sau da yawa wurin da aka fi ɗoki shi ke faɗawa ƙarshe.

Agogon can yana da nasa hali. Majami'u da dama da ke hannun Faransiskan, wata ƙungiyar malaman Katolika, irin su na Gatsemani da Kana da Dutsen Tabor, sukan rufe ƙofa wajen sha biyun rana, sai ƙarfe biyu a sake buɗewa. Nan ne gurbin abincin rana ko doguwar tafiyar mota. A watan Disamba kuwa, lokacin da ayarin Najeriya suka fi yawa, rana kan faɗi tun kafin biyar na yamma, wuraren tarihi na gwamnati kamar Kumran da Masada da Kaisariya su rufe wajen huɗu. Dutsen Tabor ma babbar mota ba ta hawansa, sai a sauka a gindinsa a shiga ƙananan motoci rukuni-rukuni, don haka awa biyu ake ware masa.

Sai Asabar ɗin Yahudawa, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar. Lifta guda a otal za ta riƙa tsayawa a kowane bene da kanta ba tare da an danna ba, abincin safe ya zo ba sabon dahuwa, shagunan unguwannin Yahudawa su kulle. Ranar ta fi dacewa da Baitalami ko Yariko ko Nazarat, inda Larabawa suka fi yawa kuma kasuwa na ci. Duk ayarin da ke son yin sujadar Mas a wuraren Katolika sai fadansu ya kama lokaci tun da watanni a ofishin Faransiskan da ke kusa da Ƙofar Yafa. Kabarin Lambu, wani lambu a Urushalima mai kabarin da wasu ke ɗauka na Yesu ne, inda 'yan ECWA da COCIN da Baftis suka fi son cin Jibin Ubangiji, shi ma sai an nemi gurbi, kuma ba ya buɗewa ga masu ziyara ran Lahadi.

Bayan agogo sai ƙafa. Tsohon birnin Urushalima matakala ne da gangara, shimfiɗe da farin dutsen da ƙafafu suka goge har ya yi santsi. Mutanenmu sun san sanyin hunturu busasshe, ba su san ruwan sama a Disamba ba, alhali damunar can ke nan. Silifas da takalmi mai tsini su ne sanadin yawancin targaɗen da ake samu. Kambas mai ƙasan roba wanda aka riga aka saba da shi, rigar sanyi, rigar ruwa mara nauyi: a faɗe su a taron wayar da kai, a kuma duba su da ido kafin a tashi. A Dutsen Zaitun a sa direba ya sauke mutane a sama ya je ya jira a ƙasa wajen Gatsemani. Gangarar tana da tsauri, masu ciwon gwiwa gara su bi motar. Maganin hawan jini da na ciwon sukari a jakar hannu yake zama, ba a akwatin da ke ƙarƙashin bas ba, kuma kowane mai sukari ya riƙe dabino ko biskit, don abincin rana kan yi latti. Urushalima tana kan tudu, kusan mita 800 sama da teku. Tekun Gishiri yana ƙasa da teku da fiye da mita 400, tazararsu kuma ba ta kai awa guda a mota ba. Wanda ya fito da safe yana rawar ɗari zai yi gumi kafin azahar, sai a sa tufafi hawa-hawa yadda za a iya ragewa.

Layi biyu ne ke cinye yini. Na farko a Majami'ar Haihuwa ta Baitalami, kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima. Garin yana ƙarƙashin Hukumar Falasɗinawa, akwai shingen bincike, fasfo ya kasance a jikin kowa tare da 'yar shuɗiyar takardar da ake bayarwa a filin jirgin Ben Gurion maimakon hatimi. Sau da yawa ɗan jagoran Isra'ila kan tsaya, Bafalasɗine ya karɓa. Ƙofar shiga ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, dole a sunkuya, daga nan a bi matsattsiyar matakala zuwa kogon da tauraron azurfa mai tsini 14 yake. Na biyu a Majami'ar Kabari Mai Tsarki, inda mutum uku ko huɗu ne ke shiga ɗakin kabarin a lokaci guda, malamin da ke gadi kuma ba ya barin kowa ya daɗe. Da tsakar rana jiran kan kai awa biyu. Ana buɗe babbar ƙofa tun kafin asuba, amma kabarin na hannun masu sujada har gari ya waye sosai, don haka dabarar ita ce a kasance a bakin layi suna gamawa. Kada a haɗa layukan nan biyu a rana ɗaya.

A Majami'ar Kabari Mai Tsarki ne tambayoyi ke tasowa, kuma a nan ake gane jagoran da ya yi karatu. Wani dattijo zai buɗe Ibraniyawa 13:12 ya ce an gicciye Yesu a bayan ƙofar gari, to yaya Golgota take a tsakiyar kasuwa? Amsar ita ce ganuwar da ake gani yau Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ne ya gina ta a ƙarni na 16. A zamanin Yesu wurin tsohuwar mahaƙar dutse ce a wajen ganuwa, da kaburbura a jikinta. Romawa sun rushe birnin a shekara ta 70, Sarki Hadiriyan ya sake gina shi bayan 135, sai a zamanin Sarki Kustantin aka tono wurin aka gina majami'ar da aka keɓe a 335. Ɗariku shida ke rabon ginin bisa wata tsohuwar yarjejeniyar zamanin Turkawa: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawa, Habashawa da Suriyanawa. Makullin ƙofar kuma yana hannun gidajen Musulmi biyu, Judah da Nusaiba, ɗaya na ajiyewa ɗaya na buɗewa. Mutumin Jos ko Kaduna kan yi shiru in ya ji wannan, kamar yadda yakan yi in ya ji Kiristan Baitalami na addu'a da sunan Allah, yadda shi ma yake yi a cocinsu na Hausa.

Washegari sai a kai ayarin Kabarin Lambu su ga wani kabarin daban, hankali ya rabu biyu. Rufa-rufa a nan ba ta da amfani. Wurin ya yi suna ne bayan Janar Gordon na Birtaniya, wanda aka kashe a Khartum a 1885, ya nuna dutsen da ke kusa a 1883 yana ganin kamar ƙoƙon kai. Masu binciken kayan tarihi sun ce kabarin ya girmi zamanin Yesu da ɗaruruwan shekaru, alhali Linjila ta ce sabon kabari ne. Masu kula da lambun su kansu ba sa rantsuwa cewa nan ne. Wuri ne mai natsuwa don waƙa da addu'a, a faɗa wa mutane haka.

Ya fi kyau tun daren farko a raba musu wuraren gida uku. Akwai waɗanda babu gardama a kansu: Tekun Galili, Dutsen Zaitun, kangon Kafarnahum, tafkin Betasda, tafkin Siluwam da aka gano a 2004, da Kaisariya inda aka tsinci dutse mai sunan Bilatus a 1961. Akwai masu tsohuwar al'ada mai ƙarfi, kamar Baitalami da Kabari Mai Tsarki da gidan Bitrus. Akwai kuma na tunawa kawai, irin su tashoshi 14 na Hanyar Gicciye, wadda tsarinta na yanzu ya zauna ne ƙarnuka da yawa bayan manzanni. Mai ziyarar da aka gaya wa gaskiya tun farko bangaskiyarsa ba ta girgiza. Wanda aka ce masa "a nan daidai" sau talatin a mako guda shi ne ke komawa gida da shakka.

Baftisma ma haka take. Yardenit, inda ruwa ke fita daga Tekun Galili, an buɗe shi ne a 1981 don sauƙin baƙi, yana da matakala da ƙarfen riƙewa da ɗakunan sauya kaya. Yankin da ya dace da Yahaya 1:28 yana can kudu kusa da Yariko: Kasrul Yahud a gaɓar yamma, Al-Magtas a ɓangaren Jodan, ruwan ɗan siriri ne mai laka. Farar rigar da ake haya tana zama shara-shara in ta jiƙe, sai shugabar zumuntar mata ta ja iyaye mata gefe tun a otal ta ce a sa kaya masu duhu a ciki. A Tekun Gishiri dokar gajeriya ce: ba nutso, ba fantsama, ba aski a ranar, kada a wuce rubu'in awa. Gishirinsa ya ninka na teku kusan sau goma, haɗiyarsa kan kai mutum asibiti.

Harabar Masallacin Ƙudus ana barin wanda ba Musulmi ba ya shiga ta gadar katako ta Ƙofar Magariba, a 'yan sa'o'i ƙayyadaddu, ban da Juma'a da Asabar. Ba a shiga da Littafi Mai Tsarki, ba a addu'a ko waƙa a ciki. A bar littattafan a bas, don mutum ɗaya ya manta da ƙaramin Sabon Alkawari a aljihu ya isa ya tsayar da ayari duka a wurin bincike.

Daren ƙarshe shugaban ayari ya bi ɗaki-ɗaki. Ruwan Urdun da man zaitun da ruwan inabin Kana, duk kwalbar da ta wuce mililita 100 ana iya hana ta wucewa a jakar hannu. A ɗaure bakin kowace da salatif, a sa a leda biyu, a cusa tsakiyar tufafi cikin babban akwati, sannan a auna akwatin a otal, domin gumakan itacen zaitun na Baitalami sun fi yadda ake zato nauyi.