Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Masu haƙar kwal na Inugu

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin mun tsaya ne a inda muka fito daga sansanin masu bautar ƙasa na Awgu aka turo ni cikin garin Inugu koyarwa, to bari mu ɗora.

Watan farko gaskiya kewar gida ta dame ni, shi ya sa duk Asabar da sassafe nake fita yawo a ƙafa don in rage tunani. Wata rana ƙafa ta kai ni har shataletalen New Market, a nan na ci karo da mutum-mutumin masu haƙar kwal, motoci da keke napep sai wucewa suke ba mai ko ɗaga kai, ni kuwa na tsaya cak. Wani dattijo mai sayar da jarida ya lura da ni, ya ce kofa (wato ɗan bautar ƙasa), ka san ko su waye waɗannan? Na ce a'a Baba. Shi ya zaunar da ni a bencinsa ya ba ni labarin Iva Valley, wani ramin kwal a nan Inugu.

Ranar 18 ga Nuwamba 1949 ne, ma'aikatan ramin kwal suna jan ƙafa a wurin aiki saboda haƙƙinsu da suke bi, sai Turawan mulkin mallaka suka turo 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse da ke wurin, ana cikin cece-kuce aka buɗe wuta, mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, alhali ba wanda ke riƙe da bindiga a cikinsu. Ya ce garin nan kaf kwal ne ya haife shi, a 1909 aka gano shi a yankin Udi, zuwa 1916 jirgin ƙasa ya fara jigilarsa zuwa Fatakwal.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne kakana Malam, Allah ya jiƙansa, aikinsa ke nan a reluwe a Kafanchan, zuba kwal a tukunyar jirgi da shebur, har ya tsufa tarin nan bai sake shi ba. Tun ina yaro nake jin labarin amma wallahi ban taɓa tambayar kaina daga ina kwal ɗin yake zuwa ba, ko hannun wa ya tono shi.

A tsaye a wurin na kira mahaifina na ce Baba, ga ni gaban mutanen da suke haƙo wa Malam kwal. Ya yi shiru har na zaci netwok ne ya ɗauke, can ya ce in ɗauko masa hoto, akwai abin da bai taɓa gaya mana ba game da zaman Malam a Inugu.

Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.