Na je Chiang Khong neman tarwaɗar Mekong

Da hantsi bas ta kwashe mu daga Chiang Rai, muka yi awa biyu da 'yan kai muna ratsa gonakin shinkafa, sannan ta sauke mu a Chiang Khong, can arewacin Tailan. Ina ajiye jaka na nufi Hat Khrai, unguwar masunta da ke bakin kogin Mekong. A tsallake ana hango garin Huay Xai na ƙasar Laos.

Kifi ne ya kawo ni. Mutanen wurin suna ce masa pla buek. Tarwaɗa ce, amma in ta girma ba haƙori ko ɗaya a bakinta, gashin bakin ma kusan babu. Duk girman nan nata gansakukar jikin duwatsu take kiwo. A nan ne aka kama wata mace a 2005, kilo 293, tsawonta mita 2.7. Na ga hoton irinta a bangon wani gidan abinci, ya koɗe saboda rana: ƙarti sun kewaye ta, kanta kaɗai ya fi ƙirjin kowannensu faɗi.

Da yamma na tarar da wani dattijo yana kwarfe ruwa daga kwalekwalensa. Ta bakin tafinta na ce, "Baba, yaushe rabonka da ganin ta?" Dariya kawai ya yi, ya ci gaba da kwarfarsa.

Tun 2003 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa tarwaɗar nan a sahun halittun da ke dab da ƙarewa. A 2006 masuntan yankin suka ajiye manyan ragoginsu don girmama Sarki Bhumibol na Tailan, wanda ya cika shekara 60 a kan gadon sarauta. Sun kyauta, ba ko shakka. Sai dai kifin nan matafiyi ne, sai ya haura kogi nesa kafin ya zuba ƙwai, ga shi kuma an datse hanyar da dam ɗin Xayaburi a Laos, wanda ya fara aiki a 2019. Masunta sun janye raga, siminti ya maye gurbinta.

Hukumar kifi ta Tailan tana ƙyanƙyasar ta tun 1983, shi ya sa ake samun wadda aka yi kiwonta a tafki a gidajen abinci. An yi mini tayi, na ce a ba ni shinkafa da kaza. Kwana uku na yi ina zama bakin ruwa har faɗuwar rana, ban ga ko ƙayar bayanta ba.