'Yan cikin ido da 'yan bayan ƙeya

Ni fa na lura idan mutum biyu suna musu a kan Skyrim, wannan na cewa ba a taɓa yin gem kamarsa ba, wancan na cewa kai shirme ne kawai, yawanci ba abu ɗaya suka buga ba ko da faifan ɗaya ne. Ka tambayi kowannensu ina ya ajiye kyamara. Bethesda da suka fitar da shi a 2011 sun bar wa kowa zaɓi, ko ka kalli duniyar ta cikin idon jarumin, ba abin da kake gani nasa sai hannuwa da makami, ko ka ja kyamara baya kana kallon ƙeyarsa yana tafe.

Ɗan cikin ido labarin wuri zai ba ka. Yadda ya shiga tsohon kabari a duhu yana raɓe-raɓe, gawar da ya ɗauka matacciya ce ta fito daga jikin bango, ya daka tsalle a kan kujera har maƙwabta suka ji ihunsa. Yadda ya tsaya karanta littattafan da ke kan kanta a gidan mutane, ya kuma yi gaba da cokulansu. Shi kuwa ɗan bayan ƙeya jikin jarumin yake kallo tun daga farko har ƙarshe, kuma gaskiya a nan Skyrim ba shi da ta cewa, ƙafafu kamar suna sulɓi a ƙasa, sara da takobi kamar ana kaɗa iska. To dole ya ce gem ɗin bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba sam.

Amma abin ya wuce kyan gani. A The Witcher 3 na CD Projekt Red, 'yan Poland, wanda ya fito a 2015, Geralt kake bi a baya, mutum ne mai muryarsa da halinsa da tsofaffin rigingimunsa tun kafin ka zo. Shi ya sa idan an zo maganar Bloody Baron, mashayin nan mai dukan matarsa da ya roƙe ka ka nemo masa iyalinsa, musun da ake yi shi ne anya Geralt zai yi haka kuwa, anya zai tausaya masa? A Skyrim wa zai tsaya wannan tambayar, kai ne shugaban ɓarayi, kai ne na makasa, kai ne kuma shugaban makarantar matsafa ta Winterhold duk a lokaci guda, ba wanda ya ce maka kanzil saboda jarumin fanko ne, duk abin da ka zuba a ciki shi ke nan.

Da kamfanin CD Projekt Red dai ya nuna Cyberpunk 2077 a 2018 aka ga ta cikin ido za a buga, ai sai masoyan Witcher suka yi ca. Kuma suna da hujja fa, ka ɓata lokaci kana gyara wa jarumin gem ɗin, V, gashi da zanen jiki da tufafi, sannan ba za ka riƙa ganinsa ba sai a madubi ko wajen sauya kaya ko in ka hau babur. Ni ma haushin ya kama ni. Sai dai akwai wurin nan, wanda bai buga ba ya tsallake layin, da kuke bayan tasi kai da abokinka Jackie bayan aiki ya ɓaci, yana zubar da jini a gefenka kana juyowa kana kallon fuskarsa dab da taka. Wallahi da daga baya aka ɗauko shi da fim kawai zan kalla, amma a haka ji na yi ni ne na kasa yi masa komai.

Duk da haka in labari nake so ni ɗan bayan ƙeya ne, ina son ganin fuskar jarumina idan an gaya masa baƙar magana.

Akwai kuma waɗanda ba ra'ayi ne ya raba su da cikin ido ba, jiri ne. Ido na gaya wa ƙwaƙwalwa ana gudu, jiki kuma yana zaune daram, sai tashin zuciya da ciwon kai. Faɗaɗa filin gani a saitin yana taimaka wa wasu, haka ma kashe girgizar kyamara, wasu kuwa ko an yi duk wannan sai sun ajiye. Irin su idan suka ce Cyberpunk bai yi musu ba, ba su ma kai ga haɗuwa da Johnny Silverhand, ɗaya daga cikin manyan jaruman gem ɗin, ba balle a yi maganar labari.