Aikin sa ido a gandun daji: abubuwan da na koya a Gashaka

Yara da dama da suka karanci harkar gandun daji da namun dawa, wasu daga kwalejin nan ta New Bussa wasu daga jami'a, suna yawan tambayata wai ya aikin yake in mutum ya samu shiga hukumar gandayen daji ta ƙasa, musamman ɓangaren da nake, wato bincike da sa ido kan abin da ke cikin dajin. Yawancinsu abin da ke ransu kaki ne da bindiga da bin sawun mafarauta. To sintiri kam akwai shi, kuma renjoji na shan wahalarsa sosai, amma ni abin da aka ɗora min shi ne in tabbatar duk abin da muka ƙirga bana za a iya ajiye shi kusa da wanda aka ƙirga shekara goma baya, a duba a gane dajin nan gaba yake yi ko baya. Da baki abu ne mai sauƙi, a aikace kuwa shi ya cinye min mafi yawan shekarun aikina.

Ga wanda bai san wurin ba, Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a gandayen ƙasa na Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa yana jingine da iyakar Kamaru, hedikwatarsa na Serti. A 1991 aka haɗe Gashaka da Gumti suka zama gandu ɗaya na tarayya. Wajen Gumti a arewa fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, kudu kuma duwatsu ne da kurmi mai duhu, can ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan kogin Taraba yake shiga ya faɗa Binuwai, kaga kenan mai noman rani da masunci a can ƙasa duk suna cin moriyar dajin ko da ba su taɓa taka shi ba.

Bari in ɗauki ƙidayar birin cimfanzi, don ita ta fi nuna yadda aikin yake. Ba ganinsu ake yi a ƙirga ba, za ka iya kwana da kwanaki a kurmi kana jin ihunsu ba ka sa su a ido ba. Sheƙarsu ake ƙirgawa, don kusan kowane dare babban biri sai ya lanƙwasa rassa a saman itace ya yi sabon makwanci, gari na wayewa ya bar shi. Akwai layuka da aka shata tun farko, kowanne an san inda ya fara da inda ya ƙare a na'urar GPS, sai mutum ɗaya ya shige gaba da kamfas da adda yana buɗe hanya daidai yadda za a wuce kawai, sauran na biye a hankali kai a sama har wuya ya ƙage. In an hango sheƙa sai kowa ya tsaya, a ja tef daga tsakiyar layi zuwa daidai ƙarƙashinta a rubuta mita nawa ne, a rubuta irin itacen, a duba ganyen ɗanye ne ko ya fara bushewa ko saura rassa kawai. Wannan awon na tef shi mutane suka fi rainawa, in gajiya ta zo sai ka ji an ce oga ai kamar mita goma ne mu rubuta mu wuce, alhali da shi ake lissafin sheƙa nawa ido ya tsallake. Kuma ko ka ƙirga sheƙar daidai, ba za ka iya mayar da ita yawan birai ba sai ka san kwana nawa take yi kafin ta ruɓe, shi kuma wannan ya danganta da ruwan sama da irin itacen, don haka dole a sa wa wasu sababbin sheƙu alama a riƙa komawa ana dubawa har su ɓace. Watanni ake yi ana wannan, ba wanda zai yabe ka a kai, amma in babu shi lambar da za ka kai ofis ƙiyasi ce kawai.

Abin da na fi riƙewa da ƙarfi yanzu shi ne kar a taɓa hanyar aiki haka kawai. Layi ɗaya, wata ɗaya a shekara, fom ɗaya, irin tafiya ɗaya. Duk sabon jami'in da ya zo da ɗumin karatu yana so ya gyara wani abu, ya matsar da layi kusa da rafi don an fi ganin dabbobi a can, ko ya sake fom, kuma niyyarsa mai kyau ce wallahi, amma ranar da ka matsar da layin nan ka yanke zumunci tsakanin lambobin bana da na duk shekarun baya, in ka ga ɓauna ta ƙaru ba ka san ƙaruwa ta yi ba ko kai ne ka koma inda take shan ruwa. In canjin ya zama dole, kamar lokacin da kyamarorin tarko suka shigo, wato waɗanda ake ɗaurewa a daji su ɗauki hoto da kansu in dabba ta gitta, sai a haɗa tsohuwar hanya da sabuwa a yi su tare na wasu shekaru tukuna kafin a saki ɗaya.

Sannan a rubuta babu. Wannan sai da na yi ta nanata wa yara, don mutum in ya yi tafiyar kilomita biyar bai ga komai ba gani yake kamar ya yi asarar yini, sai ya dawo da fom fari fes ko ma ya ji kunyar miƙawa. Fom fari ba ya gaya min komai, ban sani ba ko an je ba a gani ba, ko ba a je ba sam. Amma in ka rubuta rana da lokaci da sunan layi da waɗanda suka je, sannan ka sa sifili a gaban gwanki, ka ba ni bayani mai daraja daidai da na wanda ya ga garke. Haka batun tarko yake. Da manhajar SMART da ake sa wa a waya, renja na tafiya tana ɗaukar hanyar da ya bi, yana shigar da duk tarkon waya ko sansanin mafarauta ko kwanson harsashi da ya tarar. Sai wata ya zo ka ga tarkon da aka kwance ya ninka, hankalin kowa ya tashi, alhali wataƙila sintirin ne ya ninka. Ni ba na karɓar adadin tarko shi kaɗai, sai an raba shi da kilomitan da aka taka.

Kyamarar tarko kuwa ta taimaka ƙwarai, dabbobin dare irin su damisa da ba ka isa ka gani a layi ba sai ga su a hoto. Sai dai tana da nata rigimar, a ɗaure ta wajen tsawon gwiwa, a share ciyawar gabanta in ba haka ba iska ta cika maka kati da hoton ganye dubbai, a saita rana da agogo kafin a bar wurin, ga tururuwa da damshi da gobarar daji, ga batir da ke ƙarewa ba sallama.

Renjoji su ne ƙashin bayan komai, kuma na lura mutum ba ya cika fom da gaskiya in yana ganin takardar shiga durowa kawai take yi. Shi ya sa duk ƙarshen zagaye nake komawa sansani da taswira, in shimfiɗa ta a kan benci in nuna musu ga inda kuka bi, ga inda ba wanda ya leƙa tun damina, ga inda tarko ya fi yawa, saboda haka sintirin wata mai zuwa can zai nufa. Ranar da renja ya ga abin da ya rubuta da hannunsa ya canja inda aka tura mutane, daga ranar ba sai ka bi shi da faɗa ba. Wasunsu 'yan yankin ne, da sawu kaɗai za su gaya maka mazo ne ko gada, jiya ya wuce ko da asuba, ilimin da ba a aji na samu ba.

Akwai kuma mutanen da ke zaune cikin gandun, don Gashaka na da wasu yankuna da aka ware inda Fulani makiyaya da manoma ke zaune, musamman a kan tuddai. Wanda ya ɗauke su a matsayin matsala kawai ya yi wa aikinsa illa. Dattijon da ya shekara hamsin yana kiwo a tudu ɗaya ya san rafin da a da ba ya ƙafewa yanzu yake ƙafewa, kuma in kuna hira zai kai ka har annobar bushiya ta 1983 da ta kashe shanu ba adadi ta taɓa namun daji irin su ɓauna. Ba na zuba maganarsa cikin jadawalin ƙidaya, wurinta daban, amma ita ke nuna min tambayar da ya kamata in yi wa lambobina. Batun wuta ma haka, hoton tauraron ɗan adam zai nuna maka inda ya ƙone da ranar, amma dalilin da ya sa aka cinna a farkon rani ko a ƙarshensa sai ka zauna da masu shanu.

Rububin madobiya, itacen da 'yan katako ke kira madrid, ya nuna mana wani abu. Hankalin masu sa ido yawanci na kan dabbobi, sai ga manyan motoci na fita da gungume daga dazuzzukan Taraba ana kaiwa tashar jirgin ruwa zuwa Chaina, har ta kai an sa itacen cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Duk inda ba a taɓa kafa fili an auna itatuwa an sa musu lamba ba tun kafin zarto ya iso, ba yadda za a yi ka faɗi nawa aka rasa. Tun daga nan nake dagewa a ware wasu filaye na dindindin ana auna kaurin itatuwa, ko da a lokacin ba wanda ke tambaya.

Ɓangaren gwamnati kuma sai ka koyi tafiya da shi. Kasafin kuɗi na da nasa kalandar, daji na da nasa, ƙidayar rani ba za ta jira takarda ta gama zagaya tebura ba, in ruwa ya sauka koguna suka cika an rufe maganar wasu layukan sai baɗi. Don haka tun damina nake rubuta buƙata, kuma na raba aikin gida biyu, akwai ɗan ƙaramin kaso da ko ana ha-maza-ha-mata sai an yi shi duk shekara da ƙafa da fensir, sauran kuma in kuɗi ko abokan hulɗa sun samu a faɗaɗa. Gara layi goma da ba a taɓa fashi ba da layi hamsin da aka yi sau ɗaya aka watsar. Ga tiransifa, yau kana Serti gobe takarda ta zo an mayar da kai wani gandun, shi ya sa bayanan ba naka ba ne, kar su zauna a kwamfutarka kai kaɗai. Takardun asali a fayil, kwafi a ofis, wani kwafin a wani wuri daban, da littafi da ya bayyana yadda ake yin komai dalla-dalla yadda wanda bai taɓa ganinka ba zai ɗauka ya ci gaba. Rahoto kuma in za ka kai wa na sama, shafi ɗaya da taswira ɗaya da abin da kake so a yi, mai kauri a ajiye wa masu bincike. Kuma in lamba ta nuna raguwa ka rubuta raguwa, ko da ba ita ake son ji ba, don wanda zai gaje ka a kanta zai ɗora.

Rashin tsaro ya taɓa aikin nan sosai, Kamuku da ke Birnin Gwari da sassan gandun tafkin Kainji kowa ya san halin da suka shiga, kuma ba lambar da ta kai ran renja, in wuri bai shiguwa a rubuta ba a shiga ba da dalili, a bar gurbin a fili kar a cike shi da zato. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandaye goma a kan bakwai da ake da su, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da dausayin Haɗeja, kuma kowannensu zai buƙaci wanda zai shata layin farko ya yi ƙidayar farko da za a riƙa komawa gare ta. Masu tambayata ta ina za su fara, ina ce musu su iya karanta taswira da GPS, su iya Excel da manhajar taswira ta QGIS sosai, su koyi sunayen itatuwa da dabbobi da Hausa da Fulatanci ba na littafi kaɗai ba, kuma in sun samu dama su nemi a tura su sansani a shekarunsu na farko kafin su zauna a tebur.