Sau nawa kika sauke naki?

Ƙarfe uku na dare ya gota. Ɗakin marasa lafiya ya yi tsit, sai ƙarar injin da ke ƙirga bugun zuciyar wani tsoho a gado na huɗu. Na shiga ɗan ɗakin da muke shan shayi, na tarar da Inna zaune a kan darduma, bokitinta da abin goge ƙasa a jingine a bakin ƙofa, Alƙur'ani a buɗe a gabanta. Ita ce ke share ɓangarenmu a asibitin da nake aikin jinya a Jidda. A nan aka haife ta. Kakanta ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Kano, ya ratso Barno da Chadi, ya yi shekaru yana aikin auduga a Sudan kafin ya ƙetare Bahar Maliya. Hausarta cike take da Larabci, amma ran da na fara jin ta ce "sannu da aiki, 'yata" a ƙasar da ban san kowa ba, sai da idona ya kawo ruwa.

Da ta kai aya ta rufe, sai ta dube ni.

"'Yata, ku ma ai kuna da littafi ko?"

Na ce, "Muna da shi, Inna. Littafi Mai Tsarki."

"To, sau nawa kika sauke naki?"

Ba da wata manufa ta tambaya ba, kamar dai yadda ake tambayar mutum ko ya ci abinci. Ni kuwa bakina ya mutu. Shekaruna talatin da huɗu a lokacin. Babana dattijon ikilisiya ne, na yi ƙungiyar mawaƙa, na koyar da yara a Sande Sukul, na haddace ayoyi har ana ba ni kyautar biro. Amma ko sau ɗaya ban taɓa bin littafin nan daga Farawa zuwa Wahayin Yohanna ba. Akwai littattafan annabawa da sunansu kawai na sani.

A gida ban taɓa jin wannan giɓin ba, domin tuƙaƙƙen tuwo ake miƙo mini. Fasto ya karanta ran Lahadi, Baba ya karanta a addu'ar safe, Zumuntar Mata su rera shi da ganga da shantu. Da na zo Saudiyya duk wannan ya yanke. Babu majami'a a ƙasar, na san da haka tun kafin in sa hannu a takardar aiki, kuma ibadar wanda ba Musulmi ba a ɗakinsa take. Lahadi ma ita ce ranar farko ta makon aiki, tunda a 2013 aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar. Wata shida na yi littafina yana ƙarƙashin akwati, wanda Mama ta cusa mini ranar tafiya. Ina addu'a, amma addu'ar ta zama jerin buƙatu: kuɗin makarantar ƙannena, lafiyar Baba, Allah ya sa a sabunta mini kwantiragi.

Kunya ce ta sa na fara, shi ya sa farawar ba ta yi ƙarko ba. Na ɗora wa kaina sura goma kullum. Farawa da Fitowa suka wuce da daɗi, da na shiga Littafin Firistoci bayan aikin awa goma sha biyu, sai barci ya ci ni da yaƙi. Ban kai mako uku ba na ajiye.

Na faɗa wa Inna, ba ta yi dariya ba. Ta ce ita izu biyu take yi kullum, ɗaya bayan asuba ɗaya da dare, izu sittin su ƙare a wata. "Ban taɓa neman lokaci ba, 'yata. Mai neman lokaci ba ya samu. Na ɗaure karatun ne a jikin abin da ba na fashinsa."

Na duba rayuwata, me ne ne ba na fashinsa? Ko aikin safe nake ko na dare, sai na dafa shayi kafin in sa farin kaya. Nan na ɗaure nawa. In ɗora ruwa, in buɗe littafi, waya kuwa a kife har sai na gama, don na gwada karatu a waya, saƙon WhatsApp guda ya ishe ni in ɓace. Na bar Farawa tukuna, na kama Bisharar Markus, mai sura 16, sura ɗaya a rana, kafin in koma Farawa. Surorin littafin duka 1,189 ne, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Mai yin uku kullum, biyar ran Lahadi, zai sauke a shekara. Ni sai da na yi shekara uku da 'yan watanni. Ranar da na yi fashi ba na ramuwa, sai in ci gaba daga inda na tsaya, domin na lura bashin surori shi ya kashe mini karatun farko. Labarin manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16 ya kwantar mini da hankali a kan wannan: na yini ɗaya ake tsinta, wanda ya ajiye har ya kwana sai ya tarar da tsutsa.

Da Hausa nake yi, da murya ƙasa-ƙasa. Da Turanci na yi karatun jinya, da shi da guntun Larabci nake aiki, amma Turanci a kaina yake tsayawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, bayan wahalar shekaru ta mutane irin su Dokta Miller na Wusasa da Hausawan da suka zauna da su suna auna kalma ɗaya-ɗaya. Mamata a ajin yaƙi da jahilci ta koyi baƙi don kawai ta karanta shi da kanta. Ni mai takardun shaida na bar shi a ƙarƙashin akwati.

Abin da bin littafin a jere ya fara yi mini shi ne ƙwace mini wasu ayoyin da na ɗauka na sani. Irmiya 29:11, wadda ke maganar shirin alheri da Ubangiji yake da shi domin mutanensa, ita ce ayar da aka yi mini rakiya da ita zuwa filin jirgi. A zuciyata fassararta ita ce: shekara biyu, ki tara kuɗi, ki koma. Da na karanta surar daga farkonta sai na ga wasiƙa ce zuwa ga bayin da aka kwashe zuwa Babila, ana gaya musu shekara saba'in za su yi. Aka ce su gina gidaje, su yi lambuna, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Na daɗe zaune da kofin shayi a hannu har ya huce. Ni ba baiwa ba ce, da ƙafata na zo, albashi nake karɓa. Duk da haka ban taɓa yi wa Jidda addu'a ba. Zaman jiran mota nake yi a cikinta, marasa lafiyar ma lambar gado nake ganinsu. Daga ranar na fara ambaton sunayensu a gaban Ubangiji kafin in fita, kuma hannuna ya sauya a wajen aiki. Lokacin aikin Hajji, in an kawo tsofaffi daga Sakkwato ko Damagaram waɗanda ba sa jin Larabci, ni ake kira tafinta, na daina ganin hakan ƙarin wahala ne. Daga baya na san cewa lambobin surori sai a ƙarni na 13 aka sa su, na ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551. Irmiya wasiƙa ya rubuta, ba wanda yake karɓar wasiƙa daga gida ya karanta layi ɗaya a tsakiya ya ninke.

Sai babban abin, wanda a bakin gadon majinyaci na gane shi. Duk farkon aiki ana miƙa mana fayil. Dole in karanta shi da kyau, don wadda ta raina fayil za ta iya kashe mutum. Amma fayil ba shi ne majinyaci ba, an rubuta shi ne don ya kai ni wurin wanda ke kwance, in san shi, in taɓa shi. Akwai ma'aikatan da suka san fayil ciki da waje, ba su taɓa duban idon mai shi ba, kuma majinyata suna ganewa. Da na kai Yohanna 5 na ga Yesu yana faɗa wa masana Attaura kusan haka: suna ta binciken Littattafai, Littattafan kuwa shi suke yi wa shaida, amma sun ƙi zuwa wurinsa. A bangaskiyarmu Maganar Allah ta wuce tawada da takarda. Yohanna ya buɗe Bishararsa da cewa Kalma yana nan tun farko, yana tare da Allah, shi kuwa Allah ne, sa'an nan ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Littafin hurarre ne daga Allah, ina girmama kowane shafinsa, aikinsa kuwa ya kai ni gaban Almasihu. Shi ya sa na daina ƙirga surori kamar mai cika fom. Kafin in buɗe ina roƙon Ruhu Mai Tsarki ya buɗe mini ido, in na rufe kuma in mayar da abin da na karanta addu'a, ko da jimla ɗaya ce.

A nan hanyata da ta Inna suka rabu, mu biyun mun sani, ba mu taɓa ɓoye wa juna ba, ba mu kuma taɓa gardama a kai ba. Ita tana da yaƙininta, ina da nawa. Naciya a wurinta na koya, ba zan taɓa musun wannan bashin ba.

Ranar da na kai sura ta 22 ta Wahayin Yohanna aikin dare nake. Na sayo mata dabino da 'yar kwalbar turare, na same ta a ɗakin shayi.

"Inna, na sauke."

Ta ajiye kofinta, ta kama hannuna da hannu biyu. "Madalla, 'yata. To gobe sai a koma farko."

Washegari da la'asar na ɗora ruwa, na kife waya, na buɗe Farawa sura ta ɗaya.