Zakunan Japan da Zakunan Taiwan a Kan Tabarma Ɗaya

Daren jiya bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma a falo, na jera zakunan wasan yara guda goma a kanta, biyar a dama, biyar a hagu. Na hagun sun fi shekara talatin a hannuna. Na daman kuwa makonni uku ke nan da isowarsu daga Japan, bayan na daɗe ina tara kuɗinsu, ina leƙa shafukan gwanjo na intanet.

Duk wanda ya tashi a gaban talabijin na NTA a shekarun 1980 da 1990 ya san Voltron. Mu da babu talabijin a gidanmu, gidan maƙwabta muke cika, mu zauna a ƙasa muna jiran lokacin da zakuna biyar za su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi mai takobi: baƙi ya zama kai da ƙirji, ja da kore hannaye, shuɗi da rawaya ƙafafu. Sai da na girma na gane cewa asalin shirin na Japan ne, sunansa GoLion, kamfanin Toei ya yi shi a 1981, Amurkawa suka sauya masa suna a 1984.

Na hagun tsaraba ce. Kawuna ya kawo mini su da ya dawo daga Hajji, a cikin jaka ɗaya da dabino da tazbaha. A jikin kwalin an rubuta Lionbot, a ƙarƙashin zakunan an buga Taiwan. Ban san jabu ba ne, Kawu ma bai sani ba. Ranar har yaran layin baya sai da suka zo kallo.

Na ainihin kuwa kamfanin Popy ne ya ƙera shi, wani reshe na Bandai, kamfanin kayan wasan yara na Japan, da aka kafa a 1971. Su ne suka fito da jerin kayan wasan da ake kira Chogokin a 1974, suka fara da Mazinger Z, mutum-mutumin wani shirin Japan na daban. Dabararsu ita ce su narkar da ƙarfe mai haɗin tutiya su zuba a mazubi, su haɗa da roba mai tauri, yadda yaro zai ɗauka ya ji nauyi a hannunsa, ya ji lallai injin yaƙi ya riƙo.

To, a nauyin nan na fara mamaki. Na yi zaton na Taiwan zai zama fayau kamar gwangwani, amma da na ɗauki baƙin zaki na kowane ɓangare a tafin hannu, bambancin bai kai ya kawo ba. Shi ma ƙarfe ne na gaske. Daga nesa, wallahi sai ka rantse tagwaye ne.

Sai da na haska fitilar waya na matso kusa sannan gaskiya ta fito. Haƙoran zakin Japan masu tsini ne, kowanne a rarrabe, layukan goshinsa tsaf kamar an ja da reza. Na Taiwan ɗin kamar an ɗan lashe su. Ya tuna mini da masu zubin tukwanen dalma: idan suka danna tsohuwar tukunya a yashi suka zuba sabuwa, siffar tana fitowa, amma rubutun jikinta sai ya dushe. Fentin ma haka. Jan zakin Japan launinsa ya zauna lumui, bai tsallake iyakarsa ba, nawa kuwa fentin idonsa ya zarce har kan kunci, akwai kuma wani ɗigo da ya daskare a gefen wuyansa, wanda tun ina yaro nake sosa shi da farce.

Inda aka fi barin juna shi ne wurin haɗewa. Da na tura shuɗin zakin Japan a ƙafar baƙin, sai na ji ƙas, ya kama, ya zauna daram. Na ɗaga mutum-mutumin gaba ɗaya, ko gezau. Nawa fa, tun yana sabo ƙafar rawaya ba ta taɓa kamawa sosai ba, sai na naɗe takardar alewa na cusa a ramin. Takardar tana nan har yanzu. A nan na yarda cewa kuɗin da Popy suka kashe wurin auna kowace gaɓa bai tafi a banza ba, kuma ina jinjina wa waɗanda suka zana abin tun farko. Masu kwaikwayo sun ci gumin wasu, wannan ba na musu a kai.

Amma raina bai iya ƙin zakunan hagun. Na Japan ba don irinmu aka yi shi ba. Ko a can mai tsada ne, balle ya iso hannun ɗan malamin firamare a arewa. Da babu na Taiwan, da iyakacina da Voltron gilashin talabijin ɗin maƙwabta.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu gwanjo na yanzu da ke cuɗa su. Bara wani mai sayarwa ya turo mini hotunan saiti ya ce na Japan ne zalla. Na ce ya kifa kowane zaki ya ɗauko mini hoton cikinsa, tun da a nan ake buga sunan ƙasa da alamar haƙƙin mallaka. Uku suna ɗauke da Japan, biyu Taiwan, ga shi ya sa kuɗin na ainihi. Ko kwali na gaske ba ya isa shaida, domin ana iya zuba komai a ciki. Daga ranar na koyi duba zaki ɗaya bayan ɗaya, har takobi da ƙananan makamai.

Ina cikin wannan aune-aune 'yata ƙarama ta fito daga ɗaki tana murza ido, ta durƙusa a bakin tabarma.

"Baba, wanne ne nawa?"

Na ce ta zaɓa. Ta daɗe tana kallon na daman, masu ƙyalli, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki rawayan hagu, ta leƙa ramin ƙafar, ta tambaye ni wa ya sa takarda a ciki. Na ba ta labarin Kawu, Allah ya jiƙansa, da jakar dabinonsa. Ta tafi da zakin ta kwanta, ni kuma na mayar da na Japan cikin kwalinsu, na bar sauran huɗun a kan tabarma, don na san da safe za ta nemo su.